Yadda Ake Kallon Tsuntsaye a Bakin Kogi Lokacin Bazara

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan fari, bakin kogi a ƙasar Hausa yakan tara tsuntsaye kashi uku. Akwai baƙin da suka zo daga Turai da Rasha tun kaka, waɗanda yanzu suke ci ba ji ba gani domin tara kitsen da zai ƙetarar da su Sahara. Akwai 'yan gida da ke jiran ruwa ya ja baya su yi ƙwai a kan yashi ko cikin gaɓa. Sai masu biyo damina daga kudu, irin su shamuwa, da ke isowa daidai lokacin da baƙin Turai ke tashi. Zafi ya ƙafar da kududdufai da ƙananan tafkuna, don haka duk mai fiffike ya dawo inda ruwa ya rage. Wanda ya iya jure sammako zai ga abin da ba ya ganuwa a sauran watanni.

Misalan da ke ƙasa na ɗauko su ne daga dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai gangarawa tafkin Chadi. Amma tsarin zai yi aiki a gaɓar Kwara a Yamai, a Binuwai wajen Yola, a kogin Rima na Sakkwato, ko a bakin tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi.

Mataki na 1: Zaɓi hanya ɗaya, gajera

Sabon shiga yakan so ya zagaye ko'ina. A ganina wannan ɓata ƙarfi ne. Nemi turba ɗaya ta bakin kogi mai tsawon kilomita 2 zuwa 3, ka riƙa bin ta sau ɗaya ko biyu a mako daga Maris har Mayu. Ƙaurar tsuntsaye ba a ganinta a fita guda. Sai ka ga garken da ya cika taɓo makon jiya ya ragu rabi yau, wani mako kuma babu ko ɗaya, sannan ka san an tafi.

Turba mai kyau ita ce wadda ta ratsa wurare iri-iri: taɓo mai danshi a bakin ruwa, tudun yashi, gaɓa mai tsayi da ruwa ya zaftare, ciyawar kacala, gonar shinkafa da aka girbe, da 'yan itatuwa kamar gawo, bagaruwa, giyayya da aduwa. Kowane wuri da masu shi. Gawo na da muhimmanci na daban, domin shi ke da ganye a rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, kuma ganye ke tara ƙwarin da ƙananan baƙi ke ci.

A yankin Haɗeja da Nguru, sanannun wurare su ne tafkin Nguru da mashigar Marma, wanda ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2000, sai Dagona kusa da Gashuwa da kuma Baturiya a Jigawa, waɗanda suka shiga jerin a 2008. Dagona tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, don haka sai ka fara neman izinin ma'aikata. Ka kuma lura cewa yawan ruwa a nan ba na sama kaɗai ba ne. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, kuma kacala ta toshe mashigai da dama, don haka wurin da ke da ruwa bara yana iya zama busasshe bana. Tambayi mutanen wurin kafin ka sa mai a babur.

Mataki na 2: Gaida masu wuri

Baƙo da madubin hangen nesa a wuya abin zargi ne a kowane ƙauye, balle a wannan zamani. Ka fara zuwa wajen mai unguwa ko bulama, ka ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsaye na zo kallo, ba farauta ba, ba kuma awon fili ba." In akwai sarkin ruwa, shi ma a gaishe shi. Daga nan a haɗa ka da wani yaro ko dattijo da ya san turba.

Masunta sun fi kowa sanin inda tsuntsaye ke sauka, domin a ruwa gari ke waye musu. "Sannu da aiki, Baba, ina kirinjijiya ke kwana kwanan nan?" zai rage maka yawon awa biyu. Kada ka juya madubi ko kyamara wajen da mata ke wanka ko wanki, haka nan shingen jami'an tsaro, gada da madatsa. Batun lafiyar hanya kuwa, a tambaya ranar tafiya, ba a dogara da labarin watan jiya.

Mataki na 3: Kayan aiki

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu ninki 8, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wanda ya fi haka ƙarfi yana rawa a hannu. Kafin ka fita, saita shi da idonka: rufe gilashin dama, ka juya ƙaramar tayar tsakiya har wani abu mai nisa ya fito tar a idon hagu, sannan ka rufe hagu ka juya zoben da ke kan gilashin dama shi kaɗai har ya daidaita. Sau ɗaya ake yin wannan.

Sauran kaya: ƙaramin littafin rubutu da fensir, ruwan sha aƙalla lita 2, malafa, tufafi masu launin ƙasa ko toka, da takalmi rufaffe saboda kububuwa da ƙaya. Farar riga tana kore tsuntsu tun daga nesa. A waya, manhajar Merlin Bird ID kyauta ce, kuma za ka iya sauke kundin tsuntsayen yankinka tun a gari don ta yi aiki inda babu intanet. Sunayen da ke cikinta na Turanci ne, shi ya sa na ambaci kaɗan daga cikinsu a ƙasa, inda za a buƙaci nema.

Mataki na 4: Lokaci da alkiblar tafiya

Ka kasance a bakin ruwa da an idar da sallar asuba. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9 ne kasuwar ke ci. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma da hantsi ya yi, tsuntsaye sun shige inuwa, iska mai zafi kuma tana sa komai ya riƙa rawa a cikin madubi. Bayan la'asar ma ana samun awa ɗaya da rabi mai kyau, musamman don ganin masu dawowa makwanci.

Sa rana a bayanka. Da safe ka fuskanci yamma, da yamma ka fuskanci gabas. Kogin Haɗeja gabas yake gangarawa, don haka da safe ka bi shi kana haurawa. In ka fuskanci rana, kowane tsuntsu baƙi zai zame maka.

Tafiya a hankali: taku 50 ko 100, ka tsaya minti 5. Kada ka tsaya a ƙololuwar gaɓa inda sararin sama zai fito da siffarka. Jingina da itace ko ka tsuguna. In ka hango tsuntsu, kada ka sunkuya neman madubi. Kafe idonka a kansa, ka ɗago madubin zuwa ido. Wannan ɗan abu shi ya fi ba sababbi wahala, kuma ana iya koyonsa a gida da kurciyar da ke kan katanga.

Mataki na 5: Fara da baƙin da ke shirin tafiya

Su za ka fara nema, domin su ne ba za su jira ka ba. Agwagwin Turai ne kan gaba wajen tashi, daga Fabrairu zuwa Maris. Duba cikin garken kirinjijiya da ɗani da dinya, waɗanda 'yan gida ne, za ka ga wata ƙaramar agwagwa da namijinta ke da farin zane mai faɗi daga saman ido har ƙeya. Ita ce Garganey a manhaja, kuma tana cikin baƙin da suka fi yawa a wannan dausayi. Akwai kuma wata agwagwar mai dogon wuya fari, kai ruwan ƙasa, da jela mai tsini.

A gonakin shinkafa da aka girbe za ka tarar da share-fage, garke-garke, suna tsintar ƙwayar da ta zube. Namijin ya fi macen girma ƙwarai, har ka ɗauka jinsi biyu ne. Mazan ke fara tafiya, don haka in Afrilu ta kama kusan duk waɗanda suka rage mata ne. Wannan abu ne da za ka iya tabbatarwa da idonka in kana bin turba ɗaya.

A bakin taɓo akwai masu dogayen ƙafa da siririn baki iri da yawa, kuma kamanninsu na rikita mutum. Kada ka fara da launi. Duba girma in an kwatanta da kurciya, tsawon baki da lanƙwasarsa, launin ƙafa, sannan ɗabi'a. Wanda ke tafiya shi kaɗai a bakin ruwa yana kaɗa bindi sama da ƙasa ba hutawa, in ya tashi kuma ya bi saman ruwa ƙasa-ƙasa da fukafukai a sandare, shi ne Common Sandpiper. Mai ɗige-ɗige a baya da ƙafa rawaya-rawaya, wanda farin gindin jelarsa ke bayyana in ya tashi, wani ne daban. Ka iya waɗannan biyu tukuna, sauran za su biyo.

Wanda na fi so a wannan lokaci shi ne ɗan siririn tsuntsun nan mai rawayan ciki da doguwar jela da ke bin ƙafafun shanu yana cafke ƙwarin da suka tayar. A Disamba launinsa a dushe yake. A Maris mazan sun sake gashi, cikinsu ya yi rawaya shar, kuma launin kai ya bambanta: wani toka mai shuɗi-shuɗi da farar gira, wani toka mai duhu ba gira, wani baƙi ƙirin. Launin kan yana nuna yankin da zai je ya yi sheƙa. Masu baƙin kai na wajen Turkiyya da ƙasashen Balkan ne, masu toka mai duhu na can arewacin Turai. Na kudu ke fara tafiya, na arewa mai nisa su ne na ƙarshe, domin ƙanƙarar ƙasarsu ba ta narke da wuri. Zauna kusa da garken shanu, da izinin makiyayi, ka ƙirga kowane launi.

Cikin kacala kuwa kunne ke aiki. Ƙananan baƙi masu launin ƙasa da suka yi shiru duk rani sukan fara rera waƙa a Maris da Afrilu, wani da ƙara mai kaushi kamar ta kwaɗo, wani da surutu mai sauri ba tsayawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, su kuwa tun a nan suke fara gwajin na can. Mafi ƙanƙanta a cikinsu nauyinsu bai wuce giram 11 zuwa 12 ba, amma kafin tashi wasu kan kusan ninka shi da kitse. Masu bincike sun auna wannan a Malam Fatori, bakin tafkin Chadi, tun ƙarshen shekarun 1960. Kitsen nan shi ne guzurinsu na ƙetare hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000. Duk sanda ka tayar da garke don ka ga tashinsu ko ka sami hoto, daga wannan guzuri ka ɗiba. Kuma abin da ya faru a nan yana bayyana a can: bayan farin da aka yi a Sahel a 1968, fiye da rabin adadin wasu 'yan tsuntsaye masu farin maƙogwaro ba su koma Ingila ba a 1969.

Ka ɗaga kai sama lokaci-lokaci. Tsattsewar Turai mai jan maƙogwaro da jela mai reshe biyu tana wucewa arewa a Maris da Afrilu, tare da wata ƙarama mai launin ƙasa da ɗamara a ƙirji. Da yamma sukan taru da yawa su faɗa kacala su kwana.

Mataki na 6: Masu sheƙa, da yadda ba za ka cuce su ba

Zakaran ƙeƙuwa ba ya gina komai. Ɗan rami yake karta a ƙasa ya zuba ƙwai 2 zuwa 4 masu launin taɓo, waɗanda za ka iya takawa ba ka gani ba. Shi da kansa zai gaya maka ka matso: zai tashi da ƙara mai tsini, yana kewaya ka, yana kawo sura. In ka ga haka, kada ka shiga neman ƙwan. Juya ka bi sawunka ka koma har sai ya yi shiru, ka zauna, ka duba da madubi. Bayan 'yan mintoci uwar za ta sauka nesa kaɗan, ta tako a hankali, ta zauna. Ka ga sheƙa ke nan ba tare da ka je wurin ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan zafi ne. Da rana a Afrilu yashi kan wuce digiri 50, kuma uwar ba ɗumama ƙwai take yi ba, inuwa take yi masa. In ka kore ta na ɗan lokaci, ɗan da ke ciki yana iya mutuwa. Ban da haka, hankaka da shirwa suna kallo daga sama, karnukan ƙauye kuma suna bin sawun mutum.

A kogunan da ke da tsibiran yashi akwai wani kyakkyawan tsuntsu mai baya toka-toka, ciki ruwan goro-goro, da zanen baƙi da fari a kai, Egyptian Plover. Dabararsa ta fi ta kowa: yana binne ƙwansa cikin yashi, in rana ta take sai ya je ya jiƙa gashin cikinsa a ruwa ya dawo ya sanyaya wurin. In ka ga yana zirga-zirga tsakanin ruwa da wuri ɗaya a yashi, ka san abin da ke ƙasa. Tsohon labarin cewa yana shiga bakin kada yana yi masa sakace ba a taɓa tabbatar da shi ba. Ƙa'ida a nan mai sauƙi ce: daga Fabrairu zuwa Mayu kada ka sauka tsibirin yashi, ka kalle shi daga gaɓa ko daga kwalekwale.

Gaɓa mai tsayi kuwa ka duba ramuka. Tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma a nan suke haƙa gidajensu, da yawa a wuri ɗaya, kuma iri biyu ne. Ƙaramin, kore mai jan maƙogwaro, yana haƙa tun ƙarshen damina da ƙasa ke da taushi, ya yi ƙwai a farkon shekara, don haka a Maris za ka iske iyaye na ta kai abinci. In ka ga tsuntsu fiye da biyu na shiga rami ɗaya, ba kuskuren ido ba ne, 'yan'uwa ne ke taya reno. Babban, ja jawur mai kai shuɗi-kore, yana biyo baya zuwa gab da damina, kuma raminsa kan kai mita 1 zuwa 2. Shi ne wanda ke hawa bayan akuya ko tunkiya yana jiran fara ta tashi, yana kuma bin wutar daji. Kada ka taka saman gaɓar da ke da ramuka, domin tana iya ruftawa da 'ya'yan a ciki. Wuri mafi kyau shi ne ƙetaren kogi, kana fuskantarsu.

Abu biyu kuma da ban yarda da su ba a wannan lokaci: kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi, da sanya hoton sheƙa a Facebook tare da kwatancen wurin. Na farko yana raba uba da aikinsa ya tafi faɗa da abokin gaba da babu shi. Na biyu gayyata ce ga yara masu danƙo da masu kama tsuntsu na sayarwa.

Mataki na 7: Jira masu zuwa da damina

Daga Afrilu zuwa Mayu sai fuskoki su sauya. Shamuwa, baƙa mai farin ciki da shuɗin kumatu, tana dawowa daga gabashi da kudancin Afirka ta hau kuka ko tsamiyar tsakiyar gari ta gyara tsohuwar sheƙarta. Manomi bai buƙatar a gaya masa ma'anar isowarta. Rubuta ranar da ka fara ganinta a garinku. Wani mai cin ƙudan zuma mai farin maƙogwaro da dogon tsinke a jela yana wucewa arewa garke-garke daga dazukan kudu, yawanci kukansa za ka fara ji kafin ka gan shi. Balbela ta fara yin gashi ruwan goro a kai da ƙirji, alamar ta kusa sheƙa. Gado da mulufi sai ruwa ya zauna sosai mazansu ke sa kayan ado, don haka kada ka neme su da launi yanzu.

Mataki na 8: Rubuta, ka aika

Kowace fita ka rubuta kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, yanayin gari, sunan kowane tsuntsu, adadinsa da abin da yake yi: ci, waƙa, ɗaukar tsinke, kai abinci. Babban garke ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Ƙirga 10, ka ga faɗin da suka ci, ka auna sauran da wannan faɗi, in sun yi yawa ka koma 50 ko 100. Wanda ba ka gane ba, ka zana shi ko ka kwatanta shi a rubuce tun yana gabanka, kafin ka buɗe manhaja, don hoton da ke waya yana saurin goge abin da ido ya gani. In ba ka tabbata ba, rubuta "ban gane ba". Wannan ya fi suna na ƙarya amfani.

Bayananka za su iya shiga eBird, shafin intanet da ke tara bayanan masu kallon tsuntsaye, ko shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ke jagoranta tun 2015. Shirin ya raba ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, ana so mutum ya yi aƙalla awa 2 yana kallo a gida ɗaya, ya jera tsuntsaye bisa yadda ya gan su a manhajar BirdLasser. Arewa na da wurare da yawa da ke buƙatar masu kawo bayani.

Wani lokaci masunci zai nuna maka zoben ƙarfe da ya cire daga ƙafar tsuntsun da ya faɗa masa taru. A jikinsa akwai lamba da sunan gari ko gidan tarihi na ƙasar da aka sa shi. Kwafe duk rubutun daidai, ka ɗauki hoto, ka rubuta wuri da rana, ka aika ta shafin EURING, ƙungiyar da ke haɗa masu sa wa tsuntsaye zobe a Turai, ko ka miƙa wa APLORI. Yawanci sukan turo amsa da inda aka sa zoben da shekarar. Tsuntsun da ka tarar matacce ko yana magagi kuwa, kada ka taɓa shi da hannu. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya tun 2006, kuma in ka ga matattu da yawa wuri ɗaya, ofishin likitan dabbobi mafi kusa za ka sanar. Haka nan kada ka shiga ruwan da ke kwance ba takalmin roba, saboda tsargiya.